Minsharin Alaramma a Lasifika

Ina tsugune a bayan kicin ina wanke kwanukan sahur sai na ji lasifikar masallacinmu ta yi tsit. Malam Yamusa ya gama fassara aya, ya ce, "Ja mana, Alaramma." Babu amsa. Ya sake cewa, "Alaramma, bismilla." Can sai wani gurnani ya taso a hankali, ya hau sama, ya ɗan dakata, ya sauko da ɗan fito a ƙarshe. Soso ya suɓuce daga hannuna. Duk faɗin Nyanya babu wanda ya san wannan sauti kamar ni, domin da shi nake kwana tun ina amarya. Minsharin mijina ne, Malam Fatihu, ga shi kuma yana fita ta lasifika, gabas da yamma, kudu da arewa.

A kwatas ɗinmu na ma'aikata, bayan sallar asuba ake tafsirin watan azumi. Na san a wasu wurare sai bayan la'asar, amma mu da la'asar mazajenmu suna can maƙale cikin gosulo a hanyar dawowa daga cikin gari, wasu ma a mota suke shan ruwa. Shi ya sa aka mai da shi asuba: ana idar da salla a zauna, Malam Yamusa yana fassara, mijina yana jan baƙi, wato shi ke rera ayar kafin a fassara ta. Gari na yin haske a shafa fatiha, kowa ya ruga ya kama motar ma'aikata.

Maƙwabciyata Madam Gift, wadda katanga ɗaya ta raba bayan kicin ɗinmu, ta leƙo da ɗankwalin barci a kanta.

"Maman Muhibba, ba oga naka ba ne wannan? Ya yi barci a cikin speaker!"

"Na ji, Madam. Ai ba kurma ba ce ni."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe katanga. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga masallaci aka ji ƙarar jan makirfon, da tarin mutanen da ke ƙoƙarin haɗiye dariya suna azumi, sannan muryar mijina ta dawo a firgice, ya kama wata aya da ba a iso ba tukuna.

Kada a ɗauka Malam Fatihu rago ne. Shekarun baya motar ofishinsu ta yi hatsari a hanyar Keffi, ya samu rauni a ƙashin baya. An yi aiki, an yi gashi, an yi addu'a, ciwon dai ya samu wurin zama. Ya raba shi da tuƙi. Ya raba shi da 'yar gonarsa ta Paikon Kore, inda da yake zuwa duk Asabar ya dawo mana da doya da ƙafa duk laka. Har sujada ya raba shi da ita, a kujera yake salla. Da ciwon ya ƙi jin ƙananan magunguna, bayan azumin bara likita ya ɗora shi a kan wani mai ƙarfi, dangin mofin, sau uku a rana: safe, rana, dare. Farkon shansa ya yi ta gyangyaɗi kamar kazar da mura ta kama, daga baya jikinsa ya saba, ya koma ofis abinsa. Abu ɗaya ciwon bai taɓa ba, muryarsa. Idan Malam ya ja baƙi, masu shayin bakin titi kan rage rediyo. Wannan kujerar ta gefen Malam Yamusa ita ce abin da ya rage masa, duk shekara ita yake jira kamar yadda yara ke jiran sabon ɗinkin salla.

Ya shigo gida ranar yana dogara sanda, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Sannu da karatu, Malam," na ce. "Wace ƙira'a ce ta yau? Ban taɓa jin ta a wajen ɗaki ba."

"Murja, ki ji tsoron Allah. Numfashi na ja."

"Ai kuwa ka ja shi da kyau. Har Madam Gift ta yaba."

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai, sai tsokanar ta fita daga raina. Na ce ya koma wurin likita. Ya ce babu inda za shi, gajiya ce kawai da 'yar mura. Ya kuma ja min kunne, kamar yadda ya saba, kada in kuskura in gaya wa kowa irin maganin da yake sha. A garin nan da zarar an ji sunan magani mai sa barci, ba a tambayar wa ya rubuta maka, ɗan ƙwaya kawai za a kira ka.

To, tunda asibiti ya haramta, sai na buɗe nawa asibitin a kicin. Da sahur na dafa masa kofi baƙi ƙirin mai ɗacin da zai tashi gawa. Na ɓare masa goro. Na shafa masa man zafi a ƙasan hanci har yana hawaye. Ya tafi masallaci ido a tsaye kamar na mujiya, ya yi aya biyar lafiya lau, a ta shida muryar ta fara narkewa kamar man shanu a tukunya. Allah ya taimaka na kusa da shi ya zungure shi.

Sai na ɓullo da dabarar da har yau nake alfahari da ita. Na sa ya saka wayarsa a aljihun ƙirji, a kashe ƙara a bar rawar jiki. Ni kuma ina bayan kicin, waya a hannu, kunne a lasifika. Da na ji Malam Yamusa ya kusa kai ƙarshen fassara, sai in danna kira. Wayar ta girgiza, Alaramma ya farka, baƙi ya fito. Kwana biyu muna haka cikin rufin asiri, har na fara jin kaina wata babbar injiniya. Rana ta gaba ya manta bai kashe ƙarar ba. Kuma 'yarmu Muhibba, da ta zo mana da yaye, ta sa masa muryar 'yarta a matsayin ƙarar kira. Ina dannawa, duk unguwa ta ji wata siririyar murya ta cika lasifika: "Kaka ɗauki waya! Kaka ɗauki waya!"

Madam Gift ba ta ma iya leƙowa ba ranar. Ta bayan katanga nake jin ta tana kiran sunan Yesu tana shessheƙa.

Da yamma Alhaji Umar Farouk, shugaban kwamitin masallaci, ya yi sallama. Darakta ne a wata ma'aikata, mutumin kirki, sai dai komai a wurinsa mitin ne. Ina ɗaki amma ƙofa a buɗe take, kuma ni ba na rufe kunnena don an yi baƙo.

"Malam, no offence," ya ce, "amma mutane suna magana. Wasu har suna tambaya ko wani abu kake sha. Ni na ce impossible. Amma ka san committee. An ce a ba ka zuwa ranar Asabar. In abin ya sake faruwa, sai mu nemi wani ya riƙe, kai kuma ka huta."

Malam ya ce, "Na gode, Alhaji," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Daren nan bai sha magani ba. Da sahur ma bai sha ba. Bai gaya min ba, ni dai na ga an wayi gari ya yi karatu babu gyangyaɗi, sai dai muryar tana rawa. Kafin azahar aka dawo min da shi daga ofis a tasi, gumi ya jiƙa masa riga, yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ciki na murɗawa, bayan kuwa ko taɓawa ba ya so a yi. Ban tsaya neman izini ba. Na ce wa mai tasin ya juya, asibiti za mu.

Dakta Abraham ne ke duba shi tun bayan aikin, wani dogo mai sanƙo, haifaffen Kafanchan, Hausarsa ta fi tawa. Ya saurare mu tsaf, sannan ya juya ga Malam.

"Tunda aka fara azumi, yaya kake shan maganin? Na rana fa?"

Malam ya dubi silin. "Ai ba a shan abu da rana, likita."

"Na sani. Ina kake kai shi?"

"Ina haɗa shi da na safe, in sha da sahur. Kada a yi asararsa."

Na juyo na dube shi. Ashe duk kofin da nake dafawa, da goron da nake ɓarewa, mutumin nan ninki biyu yake aunawa a bayan idona. Bai tsaya nan ba, da likita ya matsa, sai ga maganin mura na kemis ya fito daga aljihu, irin mai sa barci, shi ma da sahur ake kora shi.

Dakta Abraham ya ajiye biro. Bai yi dariya ba, ko kaɗan.

"Malam, Allah ya rufa asiri da abin ya tsaya a minshari. Wannan magani idan ya yi yawa ba barci kawai yake sawa ba, numfashi yake ragewa. Ka haɗa biyu, ka ɗora na mura a kai, sannan ka je ka zauna a kan kafet mai laushi daidai lokacin da yake kan ganiyar aiki. Wa zai iya buɗe ido? Yanke shi da ka yi gaba ɗaya kuma, shi ne ya kawo wannan gumin da ciwon cikin. Jikin da ya saba da shi ba a raba su rana ɗaya, a hankali ake janyewa, kuma tare da likita."

Ya juyo gare ni. "Hajiya, duk ranar da kika tashe shi ya ƙi tashi, ko kika ga numfashinsa ya yi ƙasa, kada ki dafa kofi. Ki kawo shi nan da gudu."

Na ce to.

Ya ce maganin mura a jefar. Ya ce a daina haɗa biyu har abada. Shayi ko kofi da sahur babu laifi, ya taka da ƙafa zuwa masallaci, ya ɗan kishingiɗa bayan azahar in ya samu hali. Ya ce akwai wani nau'in maganin mai aiki a hankali wanda ake sha sau biyu, zai iya dacewa da sahur da buɗa-baki, amma sauya magani yana dawo da barcin na ɗan lokaci kafin jiki ya daidaita, ba abin da za a fara a tsakiyar wata ba ne ga mai son buɗe ido ranar Asabar. Da an zo masa tun kafin azumi da an gwada.

"Abin da jikinka ya sani shi ne sau uku, kowanne a lokacinsa," ya ce. "In ka koma haka, barcin zai tafi. Maganar azumi kuma ba fannina ba ce, kuna da malamai."

A cikin mota Malam ya ce, "Mai jan baƙi ya sha ruwa da rana tsaka? A ce me?"

"A ce ba shi da lafiya."

"Ni ban kwanta ba, Murja. Ina tafiya da ƙafata."

"Da ƙafa uku," na ce, ina nuna sandar. Ya juya kai taga.

Sai ya ɗauki rabin maganar likita ya bar rabi. Ɗaya da sahur, ɗaya da dare, na rana ya tsallake. Daga azahar ciwo ya taso masa, ya wuni yana cije leɓe, ciwon ya bi shi har shimfiɗa ya hana shi runtsawa, da asuba kuma rashin barci ya karɓi aikin da maganin ya bari. Ina kallon mijina yana ramewa a kan taurin kai, ga Asabar tana matsowa. Na ji tsoro, na kuma ji haushi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Juma'a na zuba ƙosai a kwano na yafa mayafi na nufi gidan Malam Yamusa. Matarsa Hajiya Mariya ƙawata ce. Na zauna na zazzage mata komai, hatsari, magani, sahur, likita, ban rage ko ɗaya ba. An ce kada in faɗa, na faɗa, kuma ko yau aka sake sai na faɗa. Ta ce in kwantar da hankalina, za ta shigar da maganar bayan an sha ruwa, lokacin da mijinta ya fi jin magana.

Asabar babu aiki, masallaci ya cika har waje. Wasu karatu ya kawo su, wasu kuwa na san abin da suka zo ji. Na tsaya a bayan kicin, ko kwano ɗaya ban taɓa ba, waya a hannu.

Bara an tsaya a tsakiyar sura ta biyu, bana aka ɗora daga nan, kuma a kwanakin an iso ayoyin azumi. Malam Yamusa ya ce, "Jiya mun yi sauri a wani wuri. Alaramma, koma mana baya kaɗan." Ya faɗi inda yake so. Mijina ya ja, muryar a gajiye. Ayar da ta yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame ce, wadda ke cewa sauƙi ake nufi da mu, ba tsanani ba. Malam Fatihu ya ja ta a masallatai ban san iyaka ba, tun kafin ya yi furfura.

Malam Yamusa ya fassara a natse. Ya ce mara lafiya ba sai wanda aka kwantar a gadon asibiti ba. Akwai mai yawo da ƙafarsa, da guga a rigarsa, yana gaisawa da mutane, alhali likita ya ɗora shi a kan maganin da ba ya son a saɓa masa lokaci. Ya ce wanda ake sa ran zai samu dama ya rama daga baya, wanda ciwonsa ya zaunu ya ciyar. Ya ce kyauta ce aka miƙo, kuma mai da hannun kyauta ba tsoron Allah ba ne. Ya ƙara da cewa mai zargin mara lafiya a kan maganinsa, ya tanadi amsar da zai bayar. Bai ambaci sunan kowa ba. Sannan ya ce, "Maimaita mana, Alaramma."

Ya maimaita.

"Ban ji da kyau ba. Sake."

Ya sake. A tsakiya muryar ta tsinke. Lasifika ta yi tsit, irin tsit ɗin ranar farko, yatsana har ya kai kan waya. Amma abin da ya biyo baya ba minshari ba ne. Wannan sautin ma na san shi, ko da yake sau ɗaya na taɓa jin sa, ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya tarar an sayar da kayan gonarsa. Na zauna a kan turmi na yi nawa kukan. Can ya gyara murya ya ƙarasa ayar har ƙarshe.

Ya dawo gida. Ya kwanta ya yi barci har rana ta take. Da aka kira azahar ya yi salla a kujerarsa, ya daɗe yana kallon ledar magani a kan tebur.

"Murja."

"Na'am."

"Ke kika je gidan Malam Yamusa."

"Ƙosai na kai."

Ya girgiza kai, bakinsa yana son yin murmushi yana hana shi. "Kawo min ruwa."

Na kawo a kofin da ya fi so. Ya riƙe shi, ya ce rabon da ya sha ruwa da rana a watan nan tun bai kai shekara goma ba. Ya yi bismilla, ya haɗiye ƙwayar, ya kora. Na ce akwai sauran kunu, kada magani ya zauna a cikin da babu komai. Ya ce in kawo, amma in saki labule. Na ce labule na nan yadda yake, ba sata muke yi ba.

Tun daga ranar na ƙara hannu a tukunyar buɗa-baki, ana miƙa wa masu gadin kwatas da masu turin baro na bakin tasha. Kafin kwana uku idon Malam ya washe, dare ya koma dare, rana ta koma rana. Alhaji Umar Farouk ya zo da kankana ƙatuwa ya ce kwamiti ya yi reviewing, a ci gaba. Dakta Abraham kuma ya ce mu dawo bayan salla a gwada wancan nau'in a tsanake, wataƙila baɗi a yi azumin da karatun tare.

Ranar rufe tafsiri na fito bayan kicin da kwanukana, wayar tana ɗaure a bakin zani don sabo. Malam Yamusa ya ce, "Ja mana, Alaramma." Muryar ta tashi tas, ta ratsa rufin kwanon kwatas, ta haye titi, na ji mai shayi ya kashe rediyonsa. Ruwan wanke-wanke ya huce a gabana ban sani ba.

Madam Gift ta leƙo ta katanga, ta saurara na ɗan lokaci, ta ce, "Maman Muhibba, yau oga naka bai yi barci ba."

Na ce, "Yi shiru, Madam, mijina yana karatu."